Ba ta taɓa ja layi a takarda ba: da wace hujja ake kiran Jeanne-Claude mai fasaha?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane, ina aji uku. An ba mu aiki a kan Christo da Jeanne-Claude, ma'auratan nan da suka lulluɓe ginin majalisar Jamus da yadi. Na karanta cewa matar ba ta yin zane, ba ta taɓa karatun fasaha ba, kuma sai can daga baya aka fara sa sunanta. Don Allah da wace hujja ake kiranta mai fasaha? Ba matarsa ce kawai mai riƙe masa lissafi ba? Ina tambaya ne domin ni ma muna aiki tare da wata ƙawata, ni ce mai zane, ita ce mai shige da fice, kuma mun fara samun saɓani a kan sunan da za a rubuta."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Tambayarki ta zo da kai biyu, ɗaya na tarihi ɗaya na gida, kuma na lura na gidan ne ya fi ci miki tuwo a ƙwarya. Idan na fahimce ki, kina son sanin ko mutumin da bai taɓa ja layi a kan takarda ba zai iya zama mai aikin fasaha da cikakken haƙƙi, ko kuwa sa sunansa alfarma ce da ake yi masa saboda aure ko abota. Ra'ayina shi ne Jeanne-Claude ta cancanci sunan, sai dai hujjar da ta sa ta cancanta ba ta hawa kan kowane irin aiki, don haka bari in bi da ke ta cikin rayuwarta da yadda ayyukan suka kasance kafin mu dawo kan ke da ƙawarki.

Asalinta da haɗuwarsu

Cikakken sunanta Jeanne-Claude Denat de Guillebon. An haife ta a Kasabalanka ta ƙasar Maroko ranar 13 ga Yuni, 1935, lokacin ƙasar tana hannun Faransa, mahaifinta kuma hafsan sojan Faransa ne da ke aiki a can. A wannan ranar ce ta wannan shekarar aka haifi Christo Javacheff a garin Gabrovo na Bulgeriya, abin da masu rubutu a kansu ba sa gajiya da maimaitawa. Auren iyayenta bai yi ƙarko ba, mahaifiyarta ta auri Janar Jacques de Guillebon, wanda daga gare shi ta samu sunan ƙarshe. Ta taso a gidan manya tsakanin Faransa da Suwizalan da Tunisiya, ta kuma kammala karatun Latin da falsafa a birnin Tunis a 1952. Abin da kika karanta gaskiya ne, ba ta taɓa zama a ajin zane ba.

Shi kuwa Christo ya yi makarantar fasaha a Sofiya a ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, ya tsere zuwa Vienna a 1957 a ɓoye cikin taragon kaya, ya iso Paris a 1958 ba shi da ƙasa ba shi da kuɗi. Abin da ya riƙe shi a lokacin shi ne zana fuskokin masu hali, kuma a kan waɗannan zane-zane na neman abinci sunan gidansu, Javacheff, yake rubutawa, yana ajiye sunan Christo domin abin da ya ɗauka shi ne aikinsa na gaske, wato naɗe gwangwanaye da kwalabe da kujeru cikin ƙyalle a ɗaure da igiya. Ta wannan hanya ya shiga gidan Janar a ƙarshen 1958 domin ya zana mahaifiyar Jeanne-Claude. Sun haifi ɗa a 1960, suka koma New York da zama a 1964, kuma a can suka ƙare rayuwarsu. Ta sha faɗa cikin raha cewa son Christo ne ya sa ta zama mai fasaha, da a ce likitan haƙori ne da ita ma likitar haƙori ta zama. Masu ganin ba ta da wani matsayi suna kafa hujja da wannan magana, ni kuwa ina ɗaukarta a matsayin bayanin ƙofar da ta shigo ta ciki, wanda bai ce komai ba game da abin da ta yi bayan ta shigo.

Yadda hannu ya rabu da tunani

Tunanin da ke ƙarƙashin tambayarki shi ne mai fasaha shi ne mai hannu. A Turai an daɗe da girgiza wannan tunani. A 1917 Marcel Duchamp, wani mai fasaha ɗan Faransa, ya aika da kwanon fitsari na kanti zuwa wani baje koli a New York, bai ƙera shi ba, zaɓensa kawai ya yi ya sa masa hannu da sunan aro. A 1967 Sol LeWitt, wani mai fasaha ɗan Amurka, ya rubuta cewa a irin fasahar da suke yi ra'ayin shi ne jigo, aiwatarwa kuma tana biyo baya, kuma shi da kansa yakan rubuta umarni ne wasu su zana a bango. Wannan shi ake kira fasahar ra'ayi ko fasahar tunani. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu idan muka duba da kyau: wanda ya zana aska takwas a gaban babbar riga sau da yawa ba shi ne ya zauna makonni da allura ba, kuma idan aka ce Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya, babu mai nufin cewa shi ya kwaɓa kowane tubali.

Sai dai akwai wani gyara da ya kamata ki sa a aikinki, domin malamai da yawa suna wuce shi. Christo da Jeanne-Claude sun ƙi a kira su masu fasahar ra'ayi, kuma ita ce ta fi tsananta a kan haka. Hujjarsu ita ce ra'ayin da ya tsaya a kan takarda bai zama aiki ba tukuna, su suna son su gina abin, a gan shi, a taɓa shi, iska ta kaɗa shi. Sun fi son a danganta su da fasahar muhalli. Littattafai da dama suna jera su tare da masu fasahar ra'ayi saboda ayyukansu ba sa daɗewa kuma ba a iya sayensu, kuma akwai gaskiya a ciki, amma wannan dagewa tasu a kan ginawa ita ce mabuɗin fahimtar matsayin matar. Idan aikin ba ya cika sai an gina shi, kuma ba ya ginuwa sai a kan gadar gwamnati ko gonar wani ko ginin majalisa, to neman yardar masu wurin ya shiga cikin jikin aikin kamar yadda yadi da igiya suka shiga.

Abin da ta yi a zahiri

Aikinsu na farko tare ya kasance a tashar jiragen ruwa ta Cologne a Jamus a 1961, inda suka jera gangunan mai suka lulluɓe wasu kaya. Amma wanda ya fi nuna rabon aiki tsakaninsu shi ne na daren 27 ga Yuni, 1962, lokacin da suka toshe wani siririn titi a Paris mai suna Visconti da katangar gangunan mai, martani ga katangar Berlin da aka gina shekarar da ta gabata. Sun nemi izini ba su samu ba, suka yi gaban kansu. Yayin da shi yake ɗora ganguna, ita ce ta tsaya gaban 'yan sanda tana ja da su da magana har katangar ta samu sa'o'in da ta tsaya. Wanda ya ce zanen shi ne aikin sai ya faɗa mana inda katangar za ta kasance da an rushe ta tun ganga ta goma.

Misalin da nake so ki tsaya a kansa shi ne shingen yadi da suka kafa a arewacin Kalifoniya a 1976. Farin yadi ne na leda mai tsayin mita biyar da rabi, a rataye a kan turakun ƙarfe fiye da dubu biyu, ya ratsa tuddai tsawon kilomita 39 da 'yan kai har ya nutse a tekun Pasifik. Ya tsaya kwana 14 kacal. Amma kafin waɗannan kwanaki 14 an shafe wata 42 ana fafutuka. Shingen ya bi ta filayen masu kiwo 59, kuma kowane ɗaya sai da aka je gidansa, aka zauna a ɗakin girkinsa, aka sha shayinsa ko kofinsa, aka yi masa bayanin dalilin da zai sa ya bar wasu baƙi biyu masu karyayyen Turanci su kafa labule a inda shanunsa ke kiwo. An yi zaman sauraron jama'a sau 18, an shiga babbar kotu sau uku, an rubuta rahoton tasirin muhalli mai shafi 450. A waɗannan zaurukan akwai masu cewa wannan ba fasaha ba ce, ɓarnar kuɗi ce, akwai kuma makiyayan da a farko suka rufe ƙofa amma daga baya suka tashi suna kare haƙƙinsu na yin abin da suka ga dama da filinsu. Ma'auratan sun sha faɗa cewa duk wanda ya tashi ya yi magana a zauren, ko don goyon baya ko don adawa, ya riga ya shiga cikin aikin. Bayan an kwance shingen an bar wa makiyayan yadin da turakun da wayoyin, kuma shekaru bayan haka gidan adana kayan fasaha na Smithsonian ya mallaki takardu da zane-zane da hotunan aikin gaba ɗaya, abin da ke nuna cewa su ma masana sun ɗauki takardun kotu da yarjejeniyoyin a matsayin ɓangare na abin da ya cancanci adanawa.

Albert da David Maysles sun ɗauki fina-finan gaskiya na yadda wasu daga cikin ayyukan suka gudana, kuma ina ba ki shawarar ki nema ki kalla kafin ki rubuta komai. A ciki za ki ga mace mai jan gashi kamar garwashi, taba a hannu, tana musu da lauya, tana musu da injiniya, tana kuma musu da mijinta da ƙarfi a gaban ma'aikata. Musun nan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci ga tambayarki, domin sun bayyana cewa wurin da za a yi aiki, da faɗinsa, da launin yadi, da kaurinsa, da yadda zai ninku, duk tare suke yanke su, sau da yawa bayan an gwada da cikakken girma a wani keɓaɓɓen fili. Akwai ma aikin da suka ce asalin ra'ayinsa nata ne, wato zagaye tsibirai 11 na gaɓar Miami da yadi ruwan hoda mai yawo a kan ruwa a 1983, wanda kafin a shimfiɗa shi sai da aka kwashe kimanin tan 40 na shara daga tsibiran. Duk da haka a lokacin sunan Christo kaɗai jaridu suka buga.

Ginin majalisar Jamus da kika ambata shi ne ƙololuwar wannan salon. Tunanin ya fara a 1971, aka ƙi amincewa har sau uku cikin shekarun da Jamus ke rabe biyu, ginin kuma yana tsaye dab da katangar Berlin. Bayan haɗewar ƙasar, shugabar majalisa Rita Süssmuth ta mara musu baya, shugaban gwamnati Helmut Kohl kuwa yana adawa. Suka bi ɗaruruwan 'yan majalisa ofis-ofis suna bayani. Ranar 25 ga Fabrairu, 1994 majalisar ta yi muhawara ta kaɗa ƙuri'a, 292 suka amince, 223 suka ƙi. Ki yi tunanin majalisar ƙasa guda ta zauna tana gardama a kan aikin fasahar da bai wanzu ba tukuna, tana tambayar kanta ko lulluɓe ginin da aka ƙona a 1933 cin mutuncin tarihi ne ko girmama shi. A ganina wannan muhawara tana cikin manyan abubuwan da suka taɓa ƙirƙira. A ƙarshen Yuni 1995 masu hawan dutse 90 suka sauke yadi ruwan azurfa mai faɗin murabba'in mita dubu ɗari, aka ɗaure shi da shuɗiyar igiya mai tsawon fiye da kilomita 15, mutane kimanin miliyan biyar suka zo kallo cikin mako biyu, sannan aka kwance. Haka gadar Pont Neuf ta Paris ta ci shekara goma kafin a naɗe ta a 1985, haka ƙofofi 7,503 masu labule ruwan goro da suka kafa a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar New York suka jira daga 1979 har zuwa Fabrairun 2005, bayan Michael Bloomberg ya zama magajin gari. Ayyukan da aka hana su yi sun fi waɗanda suka samu yi yawa.

Batun kuɗi

Kin ce ko mai riƙe lissafi ce kawai. Ta riƙe lissafi, babu musu, amma ki duba irin lissafin. Ba su karɓar tallafin gwamnati, ba su karɓar kuɗin kamfani don a manna tambarinsa, ba su sayar da tikitin kallo. Duk kuɗin aiki yana fitowa ne daga sayar da zane-zanen shiri da Christo ke yi shi kaɗai a ɗakin aikinsa, da ƙananan samfura, da tsofaffin ayyukansa na shekarun farko. Sun kafa kamfani nasu da ke saye da sayarwa da biyan ma'aikata, suna karɓar bashin banki da jinginar ayyukan da suka ajiye. Laimomi 3,100 da suka buɗe a Japan da Kalifoniya lokaci guda a 1991 sun ci dala miliyan 26, ƙofofin New York kuma kimanin miliyan 21, duk daga aljihunsu. Ita ce ta fi tsayawa a kan wannan tsari, ita ce mai karɓar masu saye da mai faɗin farashi. Kuma tsarin shi ya ba su ikon cewa a'a ga kowa: babu mai ba da kuɗi da zai ce a canza launi, ko a ƙara mako guda don 'yan yawon buɗe ido. Ga mutumin da ya gudo daga ƙasar da hukuma ke faɗa wa mai zane abin da zai zana, wannan 'yanci yana cikin ma'anar aikin, kuma ita ce ta gina masa injin da ke samar da shi.

Ita da kanta takan ce abu uku ne ba sa yi tare: ba sa hawa jirgin sama ɗaya, domin idan ɗaya ya faɗi ɗayan ya ƙarasa aiki, ita ba ta zane, shi kuma ba ya zama da akanta a kan haraji.

Me ya sa sunan ya makara

Sai a 1994 suka sanar cewa duk manyan ayyukan waje tun daga 1961 na su biyu ne, a rubuta Christo da Jeanne-Claude. Bayanin da suka bayar shi ne a farkon zuwansu kafa sunan mutum ɗaya ma da wuya, balle biyu, kuma kasuwar fasaha ta wancan zamani ta fi gane namiji guda mai baiwa da mace a gefensa tana kula da harka, sai suka bi da kasuwar yadda take so. Akwai dabara a ciki, domin wadda aka ɗauka manaja ce tana iya yabon aikin da neman farashi mai tsada ba tare da an ce tana yabon kanta ba. Amma dabarar ta ci ta shekara 33, kuma har yau mutane da yawa idan sun tuna ginin majalisar sunansa kaɗai suke kira, abin nan da ake cewa kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ko da yake a nan kurar da gardin asusunsu ɗaya. Ba ita kaɗai hakan ya samu ba. A 1991 an ba Robert Venturi babbar kyautar Pritzker ta masu zanen gine-gine shi kaɗai, aka bar matarsa Denise Scott Brown wadda suka yi aikin tare.

Adalci ya sa in faɗa miki inda hujjata take da rauni. Na farko, kuɗin da ya gina komai daga hannun Christo ya fito, kuma zane-zanen nan har bayan 1994 sunansa kaɗai ke kansu, haka suka tsara. Ke nan su da kansu sun yarda akwai wani yanki da hannu ke da haƙƙi na musamman a cikinsa, suka raba abu biyu: zane nasa, abin da aka gina nasu. Na biyu, shaidar cewa tare suke yanke launi da girma daga bakinsu ta fito da bakin waɗanda suka yi aiki da su, kuma tsakanin miji da mata babu mai iya auna wa ya fara faɗin me. Na uku, ni ban taɓa tsayawa a gaban ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba, ta hotuna da fina-finai da takardu na san su, alhali su suna cewa sai an ji motsin yadin a jiki. Ki ɗauki hukuncina da wannan ma'auni.

Akwai kuma wani gefe na zama mai aiki da ɗalibai ba sa so a ambata. A aikin laimomin nan, ranar 26 ga Oktoba, 1991 iska mai ƙarfi ta tumɓuke laima ɗaya a Kalifoniya, mai tsayin mita shida da nauyin kimanin kilo 200, ta kashe wata mata da ta zo kallo. Suka ba da umarnin rufe laimomin duka a ƙasashen biyu, kuma a wajen kwancewa wani ma'aikaci a Japan ya rasu sakamakon wutar lantarki. Wanda ya ce aiki nasa ne ya ɗauki har da irin wannan, kuma ita ta ɗauka tun shekaru uku kafin a fara rubuta sunanta.

Ke da ƙawarki

Na taɓa duba aikin wasu ɗalibai biyu da suka so su naɗe wata busasshiyar bishiyar kuka a bakin wata unguwa da guntayen atamfa da shadda da teloli ke zubarwa. Ɗaya ya yi zanen, kyakkyawa kuwa. Ɗayan shi ya je wurin mai unguwa sau uku, aka ce masa bishiyar tana da iskoki kada a taɓa, ya koma ta hannun limami, ya bi shagunan teloli da buhu, ya zauna da matan da suka ɗinke guntayen. A cikin wannan zirga-zirga ne wata dattijuwa ta ce masa kada a sa jan ƙyalle a jikin kukar domin mutane za su ɗauka tsafi ake yi, sai ya dawo ya shawo kan abokinsa suka cire ja gaba ɗaya, suka bar shuɗi da fari, suka kuma tsaya a iya tsayin mutum maimakon su hau rassa. Abin da aka gani a ƙarshe ya bambanta da zanen, kuma ya fi shi. Ranar baje koli na tarar da sunan mai zanen kaɗai a kan kwali, na ɗayan kuma a ƙasa cikin jerin godiya tare da mai a-kori-kurar da ya ɗauko buhunan. Na sa aka sake kwalin, amma abotarsu ba ta koma yadda take ba, kuma wani ɓangare na laifin nawa ne da ban tambaye su tun farkon zango ba.

Daga wannan na samu tambayar da nake yi wa duk masu aiki tare, ita nake so ki yi wa kanki ba tare da son rai ba: idan aka cire ƙawarki aka sa wani da za a biya, shin abin da mai kallo zai gani zai canza? Idan shige da ficenta shi ne kai saƙo, da sayen fenti, da neman zaure, kuma zanen yana fitowa yadda kika ƙudurta ko tana nan ko ba ta nan, to ita mai taimako ce ko manaja, haƙƙinta kuwa godiya a rubuce da kaso na kuɗi da kuka amince a kai, kuma wannan ba ƙaramin matsayi ba ne. Idan kuwa tana cikin masu yanke abin da za a yi, da inda za a yi shi, da girmansa, kuma abin da take jiyowa a waje yana dawowa ya sauya aikin, to sunanta ya kamata ya tsaya daidai da naki. Kuna iya ɗaukar rabon da ma'auratan nan suka yi, zanen da kika yi da hannunki ki sa masa sunanki, abin da kuka gina tare ku sa biyu. Ku rubuta wannan a takarda yanzu da babu kuɗi a tsakani, har da yadda za a yi da ayyukan idan kun rabu. Wasu masu fasaha biyu, Marina Abramović da Ulay, sun yi shekara 12 suna aiki tare, suka rabu a 1988, kuma sai da wata kotu a Amsterdam ta shiga tsakaninsu a 2016 a kan kuɗin ayyukan da suka yi tare da yadda ake rubuta sunayensu.

Jeanne-Claude ta rasu a New York ranar 18 ga Nuwamba, 2009 sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, tana da shekara 74. Christo ya ci gaba da ayyukan da suka tsara tare kuma da sunayensu biyu. A 2016 ya shimfiɗa hanyar tafiya mai yawo a kan tafkin Iseo na Italiya, tsawon kilomita uku, tunanin da suka fara tun 1970. A 2017 ya janye daga shirin rataye yadi a saman kogin Arkansas a Kolorado bayan fiye da shekara ashirin ana shari'a da neman izini. Shi ma ya rasu ranar 31 ga Mayu, 2020, kuma a Satumban 2021 ma'aikatansu suka lulluɓe babbar ƙofar tunawa ta Arc de Triomphe a Paris da yadi mai faɗin murabba'in mita dubu 25 da jar igiya, ba ko ɗayansu a raye. Idan za ki kawo wannan a aikinki, ki rubuta shi yadda aka rubuta a hukumance, da sunayen biyu da shekarun 1961 zuwa 2021, domin a wurinsu ranar da aka fara tunanin aiki tana cikin lissafin shekarunsa.